Ruwan da Baba Bai Sha Ba

Shekara bakwai Auta ta yi tana jinyar mahaifinta. Ta haura talatin da biyar, furfura ma ta fara leƙo mata a gefen kunne, amma ba wanda ke kiran ta da wani suna sai Auta, har yaran layinsu. Mijinta ya rasu a hatsarin mota tana da cikin wata bakwai. Ta dawo gida don ta haihu, sai ta tarar da uwarta a kwance, ciwon da ba ta tashi ba. Kafin jaririyar ta iya zama an binne tsohuwa, kafin ta fara tafiya Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Daga nan ba a sake maganar Auta za ta koma ko'ina ba.

Baba tsohon direban babbar mota ne, mutumin da ya saba kallon jama'a daga sama. Yanzu duniyarsa ta koma gado da kujera ɗaya a gindin tagar da ke kallon farfajiyar baya. Auta ce ke juya shi, ta yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta zubar da fo ɗinsa, ta kuma shanye faɗansa in shayi ya huce. In ta samu sarari sai ta hau keken ɗinkinta a baranda, tana ɗinka wa 'yan makaranta riguna. 'Yarta kuwa an haife ta mitsitsiya, har kakan ya raɗa mata Ɗigo, sunan ya bi ta. Yarinya ce mai surutu, mai son zane. Duk bangon baranda ta cika shi da kaji da motoci da alli.

A farfajiyar baya akwai rijiya mai bakin siminti da murfin ƙarfe. Baba ne ya sa aka haƙa ta tun yana saurayin magidanci, kuma har ya tsufa yana fariya cewa duk layin babu ruwa mai daɗin nasa. Taku goma daga rijiyar akwai wani ɗaki jikin katanga, wanda yayan Auta ya mayar sito.

Yaya shi ne ɗa namiji tilo a gidan. A gari ana ce masa Mai Feshi. Shi ke bin gidaje yana kashe kyankyasai da kuɗin cizo da gara, damina ta faɗi kuma ya koma gonaki. Sana'ar ta karɓe shi: ya gina gidansa a sabuwar unguwa, ya sayi motar ɗaukar kaya. Amma jarkoki da buhunan magani a gidan Baba yake ajiye su, don matarsa ta ce warinsu na tayar mata da zuciya. Yakan zo sau biyu a mako, ya leƙa ɗakin Baba ya gaishe shi a tsaye, ya kwashi kayansa ya tafi. Wannan gaisuwar ta minti biyar ta fi wa Baba wankan shekara bakwai daraja, Auta ta sani, ta kuma daina jin zafinsa tun tuni.

A ƙarshen rani aka fara jin cewa hukuma ta haramta wasu magungunan feshi, ana bin shaguna ana kwashewa, wanda aka kama da su kuma ana karɓe masa lasisi. Auta ta ji maganar a bakin masu kawo ɗinki, ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Wata rana ta kai rigunan makaranta can ƙarshen gari, Ɗigo na aji, ta dawo da la'asar ta ga an tone ƙasa tsakanin sito da rijiya an mayar, an kafa 'ya'yan ayaba uku a kai. Yaya na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ya ce ya shuka su ne don Baba ya riƙa ganin kore ta taga. Auta ta yi masa godiya. Kullum da safe ita ke ba su ruwa.

Damina ta zo da ƙarfi. Ruwa ya kwanta a farfajiya kwana da kwanaki, rijiya ta cika har rabin igiya ya isa guga. Sai ruwan ya fara wani ɗan bauri a bayan harshe, da wani wari can nesa, kamar an ajiye kalanzir a ɗaki na uku. Auta ta ce ruwan sama ne ya dama shi. Ta sa alif, ta tace da farin ƙyalle. Kajinta da ke shan ruwan da ke zuba a gindin rijiya suka mutu, huɗu a mako ɗaya, ta ce annobar kaji ce ta zagayo.

A makon ne Yaya ya fara shigowa da katan ɗin ruwan gora. Ya tura shi ƙarƙashin gadon Baba, ya ce likita ya ce ƙodar tsoho ba ta son ruwan rijiya, ko shayinsa da wannan za a riƙa dafawa. Ya ƙara da cewa a yi tattali, ba na kowa da kowa ba ne. Da Auta ta miƙo masa shayi ya ce ya ƙoshi. Bayan ya tafi Baba ya kira ta, bai dubi fuskarta ba, ya ce ta riƙa tafasa ruwan da za su sha ita da yarinya, damina ce. Ta ji daɗi har ranta. An daɗe Baba bai damu da abin da ke shiga cikinta ba.

Ɗigo ta fara da ciwon kai. Sai amai, sai zufa ko da gari ya yi sanyi, sai yawu ya jiƙa mata matashi. Auta ma jiri na ɗibar ta, idonta na yin hazo har ta yi ta neman kafar allura ba ta samu, amma ta ɗora wa gajiya. Sau biyu ta kai yarinyar ƙaramin asibitin unguwa, sau biyu aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da ƙwayoyi, aka ce ta ba ta ruwa sosai. Ta kuwa ba ta. Ta tafasa, ta fifita, ta riƙe mata kofi a baki tana lallashi, in ta ƙi ta yi mata tsawa.

Wata rana da hantsi Ɗigo ta shiga ɗakin kakanta ta same shi yana shan ruwan gorarsa. Ta tsaya ta jingina da gwiwarsa, ta ce ya ɗan san mata, nasu ɗaci gare shi. Auta na shara a bakin ƙofa. Ita ce ta daka mata tsawa, ta ce ruwan Kaka magani ne, ba a roƙon magani. Baba ya riƙe gorar a hannunsa mai lafiya, ya dubi yarinyar, ya dubi taga, sannan ya rufe murfin da haƙori ya tura ta bayan matashi.

Bayan kwana goma Ɗigo ta faɗi a bakin ƙofar gida cikin kayan makaranta, jikinta na fizga, kumfa na fita ta baki. Wani mai babur ne ya kai su babban asibiti. Likitan da ya karɓe ta ya buɗe idonta ya haska, ya ga baƙin idon ya tsuke kamar tsinin allura, nan take ya juyo ya tambayi Auta ko akwai maganin ƙwari a gidansu. Ta ce akwai, amma a kulle yake, yarinyar ba ta ko zuwa wajen. Sai ya tambaye ta ina suke samun ruwan sha.

Kwana tara suka yi a asibiti. Yaya ya zo sau ɗaya da ledar lemo, ya tsaya daga nesa da gado. Ɗigo ta rayu, amma ba Ɗigon da aka sani ba ce ta tashi. Hannunta na dama ya kama rawa, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta ja ta kamar mai jan guga. Ranar sallama likitan ya rubuta wa Auta takarda, ya ce ta ɗebi ruwan rijiyar ta kai ofishin lafiya a auna, kafin nan kuma kada kowa ya sha.

Ta ɗauki ɗaya daga cikin gorunan da Baba ya shanye, ta cika da ruwan rijiya ta kai. Ta koma sayen ruwa wajen masu turawa a baro. Bayan mako biyu mai awon, wani siririn mutum mai tabarau, ya zaunar da ita a benci ya ajiye takarda a gabanta. Ya ce ruwan nan ko wanka ba a so a yi da shi, maganin feshi ne a ciki, irin wanda aka hana. Ta ce ai tana tafasawa. Ya ce tafasa ƙwayar cuta take kashewa, wannan ba rai gare shi ba balle ya mutu. Ya tambaye ta ko an taɓa binne jarkoki ko zubar da ragowar magani kusa da rijiyar, domin ruwan sama na bin ƙasa ya kai shi ciki.

Auta ta tuno farfajiyar baya. Ayaba uku ta gani a idonta, waɗanda wata biyar tana ba su ruwa ba su ƙara ko ɗani ɗaya ba, sai ma ganyensu da ya ƙone ta baki.

Ta roƙe shi su zo su duba. Ya ce rijiyar cikin gida ba tasu ba ce, ta mai gida ce. Sai mai gidan ya rubuto da hannunsa ya nema, sannan su shiga. Ya tambaye ta wa ke da gidan. Ta ce mahaifinta. Ya ce to ai da sauƙi.

Ta tarar da Baba a kujerarsa ta gindin taga. Daga nan ana ganin sito, ana ganin rijiya, ana ganin ayaba, babu abin da ya tare. Ta daɗe tsaye a bayansa tana kallon abin da yake kallo. Sannan ta zagayo ta durƙusa a gabansa kamar yadda ta saba in za ta sa masa takalmi.

"Baba, ranar da Yaya ya shuka ayabar nan kana nan zaune?"

Ya ce ina kuma zai je.

"Me ya binne?"

Ta ajiye takardar a cinyarsa. Bai taɓa ta ba.

"Baba, ka sani?"

"Ai na ce miki ki riƙa tafasawa," in ji shi.

Da ya musa, da ya yi rantsuwa, da wataƙila ta samu abin riƙewa. Sai ya ci gaba a hankali, kamar mai bayanin hanyar da ya sha bi. Ya ce yayanta ya tabbatar masa abin kaɗan ne, damina na wucewa zai wuce. Ya ce in magana ta fita za a ƙwace masa lasisi, a ɗaure shi, kuma wa zai riƙe gidan? Namiji ɗaya Allah ya ba shi. Yarinya kuma ai ga ta ta tashi, yara ba sa riƙe ciwo.

Auta ta tuna masa ranar da Ɗigo ta roƙe shi ruwa. Ya ce ai ita ce ta hana ta, ba shi ba.

Ta tashi ta dafa masa shayinsa da ruwan gora, domin lokacinsa ya yi, hannunta kuma ya saba. Ta kai masa takarda da biro ta ce ya sa hannu a zo a duba rijiyar. Ya ce sai ya yi shawara. Tana fita ta ji shi yana lalubar wayarsa a ƙarƙashin matashi.

Washegari da safe Yaya ya iso tare da Gwaggo, ƙanwar Baba, mace mai jiki da murya, wadda duk rikicin dangi a gabanta ake kashe shi. Aka zauna a ɗakin Baba. Ɗigo na baranda tana ƙoƙarin riƙe alli, yana suɓucewa.

Auta ta faɗi nata daga farko har ƙarshe, ta miƙa takardar. Yaya ya karɓa ya karanta a nutse, har da gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaya wa ya ga lokacin da ta ɗebi ruwan, kuma wa ya san abin da ta zuba a gorar kafin ta kai. Ya ce kowa ya san akwai mabuɗin sito na biyu a rataye a kicin. Ya ce shi ba ya son faɗa, amma tun bara Auta ke yi masa zancen a sayar da gidan a ba ta nata, ya ce mata ba a rabon gado mai shi na numfashi. Wannan maganar ta taɓa fita daga bakinta sau ɗaya, ranar da rufin kicin ya rufta, kuma cewa ta yi a sayar a sayi ƙarami wanda ba ya yoyo. Ya ce ko sakaci ta yi yarinya ta shiga sito, tana neman wanda za ta shafa wa kashin kaji, ko kuma abin ya fi haka muni, shi dai ba zai faɗa da bakinsa ba.

Auta ta miƙe ta ce ga shebur can a kicin, a fita yanzu a tone gindin ayaba, in ba a samu komai ba ta yarda a yi mata duk abin da aka ga dama.

Gwaggo ta ce ta zauna, ba a tone gidan mutum yana raye kamar ana neman kayan sata. Ga mai gida nan, idonsa biyu, taga na gabansa dare da rana, shi zai raba gardama. Ta juya wajen Baba, nata yayan, ta ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ka ga an binne wani abu?"

Baba ya dubi ɗansa. Ya dubi Auta, wadda ita ta sa masa rigar da ke jikinsa da safen nan, ta ɓalle masa maɓallai.

"Ayaba na ga an shuka," ya ce. "Ita kuwa na gan ta ta shiga sito. Sau biyu."

Gaskiya ne ta shiga. Sau ɗaya ta ɗauko tsani, sau ɗaya ta mayar.

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati. Ta ce tun Auta na ƙarama ta san zurfin cikinta ba na alheri ba ne. Yaya ya ninke takardar awon ya sa a aljihu, ya ce don rufin asirin dangi a bar maganar a ɗakin nan. Amma ba zai iya barin mahaifinsa a hannun da ba a yarda da shi ba.

A mako guda aka gama komai. Aka ɗauke Baba zuwa gidan Yaya, aka ɗaukar masa mai aiki. Aka kwashe sito tas, aka wanke shi, aka tuge ayaba. Aka ce gidan na buƙatar gyara, Auta ta nemi wuri. Da ake fitar da Baba a kujera ta tsaya a baranda, ya wuce ta gabanta yana yi wa masu ɗaukarsa faɗa kada su buga masa ƙafa.

Ta samu ɗaki ɗaya a bayan wani shagon ɗinki a bakin titi, kusa da garejin wani bakanike. Maganar da aka ce a bari a ɗaki ta riga ta isa can. Masu kawo mata ɗinki suka ragu. In ta bi layinsu na da, mata sai su janye yaransu cikin gida. Ta koma ofishin lafiya ta nemi kwafin takardar, mai awon ya ba ta, ya sake gaya mata cewa ba mai gida ba shiga. Ya kuma ce tun da ita ta kawo ruwan da kanta, takardar ba za ta tsaya a gaban kowa ba. Ya faɗa da tausayi, yana duba agogo.

Wata biyu bayan haka ta ji an sa 'yan haya a gidan. Ta je ta gani. An yi wa katanga fenti, an shafe zanen Ɗigo na baranda, an yi wa bakin rijiya shuɗin fenti, an sa sabuwar igiya. Wani malamin makaranta ne da matarsa da yara uku, babban bai wuce shekara biyar ba, ƙaramar na goye.

Ta yi sallama, matar ta fito da fara'a. Amma da Auta ta faɗi ko ita wace ce, sai fara'ar ta ɗauke. Auta ta ce kada su sha ruwan rijiyar, ta fito da takarda, ta ce ta zo ta ga hannun 'yarta in ba ta yarda ba. Matar ta ja da baya ta riƙe ƙofa. Ta ce yayanta da ya ba su hayar ya riga ya gaya musu za ta zo, ya ce tana da taɓin hankali, ita ta shayar da 'yarta guba don a sayar da gida. Ya sa an yashe rijiyar a gabansu, ruwan garau yake. Ta bayan kafaɗar matar Auta ta hango yaron na tsakiya ya kafa kai a bokiti yana sha, ruwan na bin haɓarsa zuwa ciki.

Ta tare malamin a hanyar makaranta, ya saurare ta cikin ladabi, ya ce zai duba. Ta koma bayan mako, ta ga shanya da tukwane da bokitai cike a gindin rijiya. Ta je wajen maƙwabcin da rijiyarsa ke bayan katangar, ya ce shi ba ya shiga faɗan 'yan'uwa. Ta je gidan Yaya, mai gadi ya ce an hana ta shiga.

Kwana uku tana taka keke tana ɓata ɗinki tana farkewa. Abin da ta gane shi ne, ba wanda zai bar ruwan da yake gani garau saboda maganarta. Sai in ruwan ya ƙi shayuwa da kansa. Ta shiga garejin bakanike ta roƙe shi baƙin man da yake juyewa daga injin mota, ta ce gara ce ke cin mata ƙofa. Ya cika mata jarka.

Da hantsi ta je, lokacin da malamin ke makaranta. Ƙofa a buɗe take, matar na wanka. Auta ta bi ta baranda ta wuce, ƙafarta ta san kowane tudu na gidan. Ta ɗaga murfin ƙarfen, ta kifa jarkar. Man ya sauka yana kauri, ya bazu a kan ruwan, ya rufe hasken sama da ke ciki. Ta juye sauran a bokitan da ke cike. Tana cikin girgiza jarkar babban yaron ya fito ya gan ta ya ƙwala ihu.

Ba ta gudu ba. Matar ta fito da kumfar sabulu a wuya tana kururuwa, layi ya cika gidan. Mutanen da Auta ta ɗinka wa 'ya'yansu riguna, waɗanda suka sha ruwan rijiyar nan a shekarun da tasu ta ƙafe, su suka fara kai mata hannu. Wata ta fizge mata ɗankwali, wani ya maka mata guga a ƙeya. Tana ƙasa tana cewa a tone wajen can, a tone wajen can, ba mai jin ta. Maƙwabcin da ba ya shiga faɗan 'yan'uwa ya ce ashe shi ya sa akuyarsa ta yi ɓari, ta tabbata ta zuba a tasa rijiyar ma. 'Yan sanda ne suka ƙwace ta.

Yaya ya iso ofishin 'yan sanda da jan ido. Ya zauna ya dafe kai, ya ce shi ya san za a rina, ya yi ta rufawa don jini ɗaya ne. Ya ba 'yan hayar haƙuri a gaban kowa, ya ce ba zai bari su sake shan ruwan rijiya ba har abada. Kafin a sake ta ya cika alkawari. Ya sa aka kawo tifa biyu ta ɓaraguzai aka cike rijiyar, aka zuba siminti a farfajiyar baya gaba ɗaya, daga bakin kicin har jikin katanga, mai kauri, aka ja wa gidan famfo. Layin ya yi ta sa masa albarka. Aka ce Baba ya yi sa'ar ɗa.

Kwana goma sha tara ta yi a tsare. Yaya ne ya roƙa aka janye ƙara, bisa sharaɗin ba za ta sake taka layin ba, kuma yarinya za ta zauna wajen Gwaggo, tun da an ga abin da uwar ke iya yi. Aka miƙo takarda, aka nuna mata inda za ta sa hannu, ko kuma a wuce kotu. Ta sa.

Ranar da ta fito ba ta koma ɗakinta ba. Ta tsaya a wani kanti ta sayi biskit, ta wuce gidan Gwaggo da kumburarren ido. Gwaggo ta bar ta ta shigo tsakar gida, amma ba ta ba ta wurin zama ba. Ta ce Baba na nan lafiya, har ya yi ƙiba, ya kuma ce a gaya mata ya yafe mata.

Aka kira Ɗigo. Ta fito a hankali, an yi mata sabon kitso, hannunta na dama na rawa a jikin rigarta. Ta ga uwarta, fuskarta ta buɗe, ta yi taku biyu da sauri, sannan ta tsaya.

Auta ta durƙusa ta ɓare ledar, ta miƙa mata.

Yarinyar ta dubi biskit ɗin, ta dubi Gwaggo. Ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe mai rawar da mai lafiyar.

"An ce," ta fara, harshenta na jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "kada in ci... abin hannunki."

Gwaggo ta ce yarinya mai jin magana ke nan. Ta dafa kafaɗarta ta juya ta zuwa ɗaki, ta ce wa Auta in za ta fita ta ja ƙofar da ƙarfi, ba ta kamawa.